Yanyawar Hanyar Tanut

Kanwa na ɗauko daga arewa,
buhu sittin da huɗu, mota na nishi.
Mun baro Tanut bayan lisha,
Mutari na gyangyaɗi, goshinsa na gaisawa da gilashi.

Sai ga idanu biyu a tsakiyar kwalta,
kamar dala biyu sun faɗo daga aljihun dare.
Na taka birki, kaya ya turo ni ta baya.
Ƙarar ba ta kai faɗuwar ludayi ba,
amma har cikin haƙorana na ji ta.

Mutari ya ce, "Maigida, mu wuce,
zomo ne, ko leda."
Shekara goma sha tara ina bin hanyar nan.
Na wuce bushiya, na wuce damo,
na wuce kunkuru a fashe kamar tsohon kasko,
ban taɓa kashe mota don waninsu ba.
Daren nan ƙafata ce ta riga ni sauka.

Yanyawa ce.
Kunnuwa sun fi fuska, jiki bai cika tafi biyu ba,
launin rairayin da ya haife ta.
Tana jan ƙafar baya kamar igiyar da ba tata ba.
Na miƙa hannu irin na mai jin ƙai,
ta datse min babban yatsa.
Gaskiyarta. Wa ya aike ni?

Na kwance rawanina na rufe mata ido,
sai ta lafa.
Ashe duhu ne gidanta, fitilata ce baƙuwa.
Ta cikin ƙyallen ina jin zuciyarta
tana gudun da ƙafa ta kasa.
Muka zazzage kwalin sukari, muka huda shi da kusa.
Ruwa a murfin buta, can gefe,
ban ɗura mata ba, ba ta sha ba.

Daga nan zuwa Damagaram
ban taɓa sanin ramukan hanya sun kai haka yawa ba.
Kowanne na shiga, sai na ce sannu.
A shinge jandarma ya haska kwalin,
ya haska yatsana, ya daɗe yana dubana,
ya ɗage igiya bai tambayi takarda ba.

Da hantsi na kai ta wurin Ma'azu, likitan dabbobi,
mai duba awakin unguwarmu ta Birni.
Ya sa safar fata, ya ɗaure ƙafar da tsinke biyu,
ya kore ni asibiti saboda cizon.
Har na kai ƙofa ya kira ni.
Ya juya cikinta a hankali, ya nuna min:
nonuwa shataf da ruwa.
"Tana shayarwa," in ji shi.
Bai ƙara komai ba.

Ranar ban sauke kanwa ba.
Na ari babur ɗin ƙanena, muka koma ni da Mutari.
Ga sawun tayata baƙi, ga ɗigon jini ya bushe.
Muka bi gindin sabara, muka bi gindin aduwa,
ƙarangiya ta cika mana wando.
Rami nawa muka leƙa?
Na gafiya, na kurege, na wanda ya tashi tun bara.
Na kifa kunnena a ƙasa kamar mai neman rijiya.
Ƙasa ta riƙe sirrinta,
don tun can ba ta haƙa shi domin irina ba.

Kwana arba'in da ɗaya ta yi a wurin Ma'azu.
Ranar da muka mai da ita,
ta fita daga kwali tana ɗingishi,
ta sunsuni iska, ta yi gabas.
Mu yamma muka nema.

Har yau in na iso wurin da dare
ina rage wuta, ina sauke gilashi.
Mutari ya daina tambaya.
Shi ma a nan yake farkawa.