Mai Jan Igiyar Mafici

A Jafna, inda giginyu ke tsaye kamar masu jiran hukunci,
kwalejinmu na da agogo biyu:
ɗaya na faɗin lokacinmu, ya tsaya tun ban zo ba,
ɗaya na faɗin lokacin Landan, kullum ana shafa masa mai.
Kalmar Tamil guda, tarar kwatan rupi.
Na taɓa biyan rupi biyu don na yi mafarki da ƙarfi.

Ran wata Litinin muka tarar da takarda a allon sanarwa,
Ingilishi tas, kamar an wanke shi da sabulu:
"Daga yau an hana hankaka kuka da harshen gida.
Kifi ya ɗaura laktaye kafin ya shiga miya.
Rana ta nemi izini a rubuce in za ta faɗi.
An naɗa jakin mai wanki Mataimakin Shugaba,
tunda ya daɗe yana ɗaukar dattin Turawa
bai taɓa tambayar nauyinsa ba."

Dariya ta fasa aji kamar kwakwa a kan dutse.
Kafin azahar mun kwance laktaye ɗari da sittin
mun ɗaura wa awakin bakin masaukinmu.
Kwana tara muna zaune ƙarƙashin tsamiya,
muna cin shinkafa a ganyen ayaba,
muna magana da Tamil kyauta, har muƙamuƙi ya gaji.

Mista Hargrif ya fito, wuya ja kamar gauta.
Suna ɗaya yake so, ko a kori aji uku.
Kanagasabai ya miƙe, ya kaɗe wandonsa, ya ce shi ne.
Da yamma ya wuce da akwatin kwano a ka.
Wanda muke cewa alƙali, ya ƙare yana awon taba a sito.

Shekara talatin da ɗaya kafin in sake ganinsa,
haƙora sun tafi, dariyar tana nan.
Ya ce, "Ni? Ban iya waƙafi ba har yau.
Ka tuna Kathiran?"

Sai da na yi tunani.
Tsohon nan na baranda, igiya ɗaure a babban yatsan ƙafa,
yana jan maficin rufi don kada gumi ya ɗiga a kan nahawu.
Shekara goma sha tara yana jin darasi ta bango.
Ba mu taɓa gaishe shi ba.
'Ya'ya shida gare shi, da ɗaki a bayan kicin.

An ce Hargrif ya tafi gida da takardar a jaka,
yana nuna wa baƙi bayan cin abinci:
"Ko kuskure ɗaya babu. Ku ga abin da muka koyar."

Yanzu fanka ce a aji, tana juyi ita kaɗai.
Na zauna ƙarƙashinta jiya.
Iskar da sanyi, amma ba ta sauraren komai.