Taragon da Na Bari a Kan Dogo

Littattafan rubutu goma sha ɗaya Baba ya bar mini
cikin kwalin takalma, a ƙarƙashin gadonsa a Porto.
Shekara talatin da huɗu yana yankan tikiti a tashar Campanhã,
yana tura mutane garuruwan da bai taɓa gani ba.
Ranar da ya ajiye aiki ya ce wa Mama,
tashi, yau layi ya zo kanmu.

Ni kuwa da gyaran rubutu nake ci.
Na ɗauki jan biro, na gyara zaman tabarau,
zan mai da yawonsa littafi.

Tun a shafin farko na dafe kai.
"Dare a Sibiriya. Shayi a kofin gilashi.
Wata tsohuwa da kwandon dafaffen dankali."
Baba, ina aikatau?
Tsohuwar nan sayarwa take, ko kyauta ta ba ku?
Ka jera tarago uku, fasinja sun cika maƙil,
ka manta da kan jirgi.

Sai na shiga aikin ɗaure-ɗaure.
Na sa dare ya riske su a Sibiriya,
shayi ya yi ta rawa a kofi bai zube ba,
tsohuwa ta tsaya a tasha tana ciniki da yatsu.

"Mumbai, ƙarfe takwas na safe. Mutum a kan mutum."
Na tsige aya, na dasa waƙafi,
na ƙara cewa an matse shi har maɓallin rigarsa ya tsinke,
don labarin maɓallin nan mun sha shi a teburin cin abinci
ya fi sau ashirin.

"Kwandastan Japan mai farar safar hannu.
Rusunawa a bakin ƙofa, ko da kowa na barci."
Nan kalma guda ta ishe ni: yana.
Ina maƙala ta, jirgi ya tashi.

Ƙanena Telmo ya leƙo ta bayana ya yi tsaki.
Ya ce ai haka Baba ke magana, guntu-guntu,
kamar mai shelar jirgi a lasifika.
Na ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba,
mai karatu ba a gidanmu ya tashi ba,
wa zai cika masa abin da aka haɗiye?
Ya ɗauki hularsa ya fita.
Na ci gaba, na wuce Zambiya da raƙuman dawanta,
na wuce wata gada a Sri Lanka, duk ina rabon aikatau
kamar mai rabon tikiti.

Sai littafi na tara, wajen ƙarshe.
"Tsakanin Cusco da Puno.
Graciete a bakin taga, shuɗin gyale,
kanta a kafaɗata."

Shi ke nan. Sauran shafin fari ne fat.
A na gaba kwanan wata ya tsallake mako uku,
ga tikitin dawowa manne da gam,
guda ɗaya.

Na san aikatau ɗin. Ni na ɗauki wayar a daren.
Na rubuta "ta yi barci" a gefe, na soke,
rabin gaskiya ce.
Na rubuta "ta yi shiru," na soke.
Na ukun, biro ya taɓa takarda ya bar ɗigo ja,
hannuna ya ƙi.
Muddin babu kan jirgi,
tana nan zaune, tafki bai ɓullo ba tukuna,
gyalenta na motsi.

Na mai da wa biro murfinsa.
Jirgin shida da kwata ya wuce, tagar kicin ta yi kakkarwa.

Bayan wata biyu Abílio na maɗaba'a ya bugo waya,
murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tona asiri:
Ondina, akwai guntuwar jimla a shafi na ɗari biyu da sha biyu,
ta kuɓuce miki.

Na ce na gan ta.