Ɓawon Albasa

A ɗakin gwaji, Samaru, ƙarfe biyun dare,
na shimfiɗa 'yar leda a kan gilashi,
ba ta kai ɓawon albasa kauri ba.

Na ɗiga mata ruwan tsamiya,
ta tsuke kamar bakin jariri.
Na ɗiga mata sukari,
ta kumbura, ta yi jawur.
Ita ba ta iya ƙarya ba.

Baba Sha'aibu kuwa, can Tudun Wada,
yana rantsuwa bai taɓa alewa ba,
tururuwa na bin aljihunsa.
Yatsunsa goma duk tabon allura.

Saboda yatsun nan na hana idona barci.
Janareta ya mutu sau uku.
Na ɗaga gilashin a hasken waya,
ina jira ta sake magana.