Kwado Uku a Valparaíso

Ƙarfe ɗaya na dare, a kan tudun Barón,
fitilun tashar jiragen ruwa na karkarwa cikin teku.
Eulalia Quiroga ta ture kofin shayi gefe.
Shekara goma sha tara tana riƙe da lissafin kamfanin garin kifi,
yau lissafin ne ya riƙe ta.
Shafi arba'in da ɗaya:
ganga nawa aka ce an kai wurin ƙonawa,
ganga nawa aka ɗura wa teku da duhu.
Lauya na Santiago, ita tana nan,
tsakaninsu hanya ce mai kunnuwa.

Fermín, ɗan ƙanwarta, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa,
ya ce, Inna, imel wasiƙa ce ba ambulan,
duk ɗan aiken da ta bi ta hannunsa ya sha karatu.
Kwado kike nema? Ina da uku.

Na farko yana kan kwamfutar ofis,
da satifiket, da hatimi, danna ɗaya ya kulle.
Ta ce, wa ya ba ni shi?
Ya ce, kamfani.
Wa ke ajiye da kwafin makullin?
Ya sosa ƙeya.
Ta yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba:
ashe kura za a ba ajiyar nama.

Na biyu kuwa, sai da ya gyara zama,
don shi ne ɗan lelensa.
Lauya zai raba wa duniya kwadonsa a buɗe,
makullin ya zauna a aljihunsa shi kaɗai.
Ki zuba takardunki, ki datse,
ko sarkin ɓarayi ya tsinci akwatin, ƙarfe ya tsinta.
Amma sunanki da nasa suna nan a kan murfi,
da kan magana, da ranar, da sa'ar.
Kuma sai kin tabbatar kwadon nasa ne,
ba na wani mai aron fuskarsa ba:
harafi arba'in za ku karanta wa juna, baki da baki.
Ta tuna Don Anselmo,
mai neman tabarau alhali suna kan hancinsa,
ta ja numfashi.

Na uku gidan haya ne a wata ƙasa mai ƙanƙara.
Ku kama ɗaki ku biyu a can,
masu gidan sun ce ko su ba sa ganin ciki.
Sun ce?
Sun ce, Inna. Masana sun leƙa ginin, sun gamsu.
Ta ce, ni ban iya leƙe ba.

Agogo ya ci gaba da tauna dare.
Ta juya su kamar mai zaɓen kifi da asuba,
ta duba ido, ta duba ƙaya,
sai ta ga kowane kwado, in ka bi sarƙarsa,
a hannun mutum take ƙarewa.
Ba ƙarfe take zaɓa ba,
wanda za ta yarda da shi take zaɓa.

Ta ce, na biyu.
Anselmo na da jika, Maite, mai kaifin ido,
ita za ta koya masa riƙon makulli.
Motar ƙarfe shida zan hau, in ji harafin nan da kunnena.

To in za ki je, me ya hana ki kai takardun da hannu?

Yaro, wannan na wata uku ne kawai.
Na shekara shida na can ɗakin ajiya.
Gada nake ginawa, ba tsalle ɗaya zan yi ba.

Daren Talata ta dawo, ta zauna, ta datse akwatin.
Saura gurbin kan magana, wanda kowa zai gani.
Ta daɗe tana kallon teku,
sannan ta rubuta:
Yadda ake miyar kifi.