Kunne a Ƙarƙashin Jaki

Shagon Baba Dakwom yana bayan Taminus,
inda hayaƙin dalma ke cuɗanya da ƙamshin gasasshiyar masara.
Na kai masa jitata ja, mai tabo a ƙugu,
don wayar cikinta ta fara tari in na taɓa ta.
Ya gyara. Bai miƙo ba.
Ya jujjuya ta kamar mai taya akuya a Bukuru,
ya ce, "Yaro, kunnenta ɗaya ne.
Kana son a ƙara mata na biyu?"

Maganaɗisun nan, in ji shi, ƙarfe kaɗai ya sani.
Daga nesa yake jin rawar tsirkiya,
kamar maƙwabci mai sauraren faɗa ta katanga.
Sai ya zazzage gwangwanin madara,
ya tsinto wani abu siriri kamar tsinken sakace.
"Fiyezo ke nan.
Shi ƙarƙashin jaki yake kwana,
nauyi yake ji, itace yake saurare,
ko numfashin yatsa ba ya wuce shi."

Na ce nawa.
Ya faɗi kuɗin ɗakina na wata biyu a Unguwar Rukuba,
bai ko ɗago ido ba.
Kuma sai an huda ta.
Sai an rarake mata baya an kwantar da batir,
ita da tun da na saye ta hannun wani fasto mai barin gari
ko ƙusa ban bari ta kusance ta ba.

Ya sauko da jitar wani daga bango,
ya murɗa ɗan maɓalli, ya kaɗa sau ɗaya.
Sautin ya fito a bushe, tsaf,
kamar an fasa gyaɗa a ɗaki mai duhu.
Ban shirya ba sai ga Kawu Barau a gabana,
wanda injin wankin kuza ya cinye wa kunnuwa a Bisichi,
yana dafa haɓarsa a kan ƙoƙon gurmi
don ya ji da ƙashi abin da iska ta hana shi.
Mu yara muna dariya.
Shi kuwa idonsa a rufe, bai taɓa kuskure kiɗa ba.

Nanribet mai ganga ta ce ɓarnar kuɗi ce.
"Wa zai ji bambanci a gidan biki?
Lasifikarmu ɗaya a yage take,
janareta ya fi mu murya,
masu rawa kuwa ƙasan kiɗa suke bi, ba samansa ba.
Ranar da batir ya mutu tsakiyar waƙa
kada ka kalle ni."
Gaskiyarta. Ban musa ba.

Amma ba kuɗin ne ya tsaya mini a wuya ba.
Shekara tara maganaɗisu yana rufa mini asiri:
yatsa ya zame, ya shafa masa mai,
farce ya karce, ya ce bai gani ba.
Wannan sabon kunne ba shi da kara.
Duk abin da hannu ya yi zai kai ƙara gaban jama'a,
har rawar da ɗan yatsana ke yi in sanyin Jos ya sauko.

Na ce, "Baba, bari tukuna."
Ya ce, "Rijiya ba ta bin guga."
Ya lashi bakin fensir,
ya ɗiga ɗigo ɗaya a bayanta, inda huda za ta shiga.
"In ka dawo, nan ne. In ba ka dawo ba, yawu ya isa ya goge."

Yau kwana goma sha ɗaya ɗigon yana nan.
Jiya da dare aka ɗauke wuta,
ruwa na dukan kwano, ba abin jonawa.
Na rungume ta haka nan, na ɗora haɓata a kafaɗarta,
na ja tsirkiya ta huɗu.
Ta bi ta haƙorana, ta sauka ƙirji,
ta daɗe a can kafin ta yi shiru.
Na sake ja.
Ashe duk shekarun nan tana magana a ciki,
ni ne nake tsaye a bayan katanga.

Da safe na ƙirga abin da ke cikin gwangwanina.
Bai kai rabi ba.
Na lashi babban yatsa, na kai shi kan ɗigon,
na tsaya,
na goge yawun a wando.