Takalmin Kulu

Ni ba na gudu.
Shekara arba'in ina kan buzu ɗaya a bakin Ƙofar Marke,
basilla a hannu, zare a baki,
ƙafafun gari suna wuce ni.

Tana da sha uku ta zo
da takalmin gwanjo a leda,
ɗaya ya wage baki kamar tarwaɗa a kan tudu.
"Baba, nawa za ka ɗunke min wanga?"
Na ce, "Ɗiyata, wanga ya mutu, sai kushewa."
Ta ce, "Da shi ni ka gudu gobe."
Na juya shi. Dunduniyar sabuwa fil,
duk cin da ƙasa ta yi masa, a kan yatsu ta yi.

Na sa masa jar fatar akuya, ninki biyu.
Ban karɓi ko sisi ba.
Ba kirki ba ne, ba ta da shi ne.

Ubanta mai gyaran injin ban-ruwa ne a Kwalkwalawa.
Aka ce masa, "Mace da gudu? Wa ya koro ta?"
Ya goge baƙin mai a gefen riga, ya ce,
"Ku tambayi waɗanda ta bari a baya."

Ana sallame asuba tana filin Giginya,
kafin rana ta fara narka kwalta,
Malam Sahabi da usur da agogonsa mai tsagaggen gilashi:
sake, sake, ɗaga gwiwa, sake.
Da azumi sai bayan asham,
a hasken fitilar babur ɗinsa.

Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Ni ko zare ban gama zurawa a allura ba
ta gama abin da ta yi shekara tara tana biyan kuɗinsa.

Kaduna ta kira, Ikko ta kira,
daga nan sai jirgi.
Aka ba ta takalmi mai ƙusoshi,
mara nauyi kamar ɓawon albasa,
babu ɗinki ko ɗaya a jikinsa.
Na yi murna. Na kuma ji haushi, ba zan ɓoye ba.

A wayar Ɗan'ige mai cajin waya muke kallo,
kai goma sha biyu a kan tafin hannu ɗaya.
Ran farko ta riga bindiga tashi.
Wani mai farar riga ya ɗaga mata jan kati,
shirin shekara biyu ya fita fili da takalmi a hannu.
Ban ci tuwo ba.

Da shekara ta kewayo, suna tsakiyar fili
sabis ya ɗauke.
Ta daskare a sama, ƙafa ba ta taɓa ƙasa,
baki a buɗe, ɗankwali ɗaure tam.
Muna jijjiga wayar, Ɗan'ige na rantsuwa,
sai ga ihu daga wajen Mabera
ya riga hoton isowa.

Sauran kun ji: azurfa biyu, wata tagulla
da ƙirjin wata ya ƙwace mata zinari da faɗin zare.
Sai ranar da jijiyar cinya ta tsinke a mita sittin.
Ta ce min ƙarar ta ji kafin zafin,
ɗas, kamar zare in ya gaji.
Na san ƙarar.
Wannan ɗinkin dai ya fi ƙarfin basillata.

Jiya ta zo, tana ɗan jan ƙafar hagu,
ta sauke buhu a gabana.
Takalman yara mata, ƙafa goma sha takwas,
duk na gwanjo, duk sun wage baki.
"Baba, nawa?"

Ina juya su ɗaya bayan ɗaya.
Na bakwai ƙarami ne, shuɗi, igiyarsa ta kaba.
Dunduniyar sabuwa fil.

Na ce, "Wanga na wa ne?"
Ta yi dariya, ba ta faɗa ba.
Na lalubi sauran jar fata a ƙasan akwati.