Gurbin Gindin Giyayya

Ruwa ya ja da baya tun bayan yankan shinkafa,
ya bar mana gurbi ɗaya a gindin giyayya.
Faɗinsa bai fi masussuka ba,
zurfinsa iya ƙugun Baffa Cindo,
zamanin da Baffa ke miƙewa ba sanda.

Na zo da asuba, ɗari na gatsa mini yatsun ƙafa.
Ruwan yana turiri kamar an ɗora shi a murhu,
amma in ka tsoma hannu, ƙashinka zai ba ka labari.
Na durƙusa, ban ga komai ba.
Sai da na gaji da dubawa
ƙasan ruwan ya motsa:
’ya’yan karfasa, kowanne bai kai ɗan yatsa ba,
sun cure a tsakanin saiwa,
baki na buɗewa, wutsiya ta yi shiru.

Ba sa kiwo a wannan wata.
Ɗan kitsen da suka tara da kaka
shi ne rumbu, shi ne bargo,
duk wanda ya yi gudu ya ci daga ciki.
Gaiwa ta shige laka ta rufe ƙofa,
tarwaɗa ko a taɓo tana numfashi,
su kuwa waɗannan
ba su da komai sai zurfi da duhu,
da ruɓaɓɓen kututturen nan
da Tabawa ta so ta ja gida ta hura wuta,
Baffa ya ce, bar shi, ɗakin wasu ne.

Zalɓe yana can da ƙafa ɗaya,
ya fi kowa haƙuri a duk ƙasar Guri.
Ban ga laifinsa ba, shi ɗai-ɗai yake ɗauka.
Yaran Ɗanlami ne suka zo jiya da gidan sauro,
suka tace gefen gabas kamar masu tatar koko,
abin da suka kwasa bai cika kwanon sha ba,
bai isa miya ba, bai isa kasuwa ba.

Ni ma ba da hannu biyu na zo ba.
Ga injin Maikuɗi na aro,
ga fetur lita uku na bashi,
ga alkamata can ta fara murɗa ganye,
tana kallona kamar ’yar da aka hana nono.
Tiyo ba ya tambayar wa ke ciki.

A jikin giyayya akwai tsaga,
Baffa ya sare ta da gatari shekarar da aka haife ni.
Ya ce, in ruwa ya sauka ƙasa da nan,
sanyin dare zai tarar da su a gado,
zalɓe kuma ba sai ya jiƙa gwiwa ba.
Ya ce, mai cin ɗan kifi da ɗari
miyar damina yake lashewa tun ba a dafa ba.
Lokacin dariya na yi.
Lokacin ba ni da gona.

Na yage hannun tsohuwar rigata,
na ɗaure bakin tiyo,
na ja igiya, inji ya yi tari ya kama.
Idona ɗaya a kan kwami,
ɗaya a kan tsaga.
Kwami huɗu suka sha, na biyar ya jiƙa leɓe,
ruwa ya taɓa aikin gatarin Baffa.

Na kashe.

Shirun ya dawo da nauyinsa.
Saura kwami bakwai a bushe,
saura wata biyar kafin kogi ya tuna da mu.
Ban san abin da zan faɗa wa Maikuɗi ba.
Na tsinko ganyen bado da tiyo ya ture,
na mayar da shi kan saiwa,
ƙarƙashinsa wani abu ƙanƙani
ya gyara kwanciya.